Daga bangon Farnesina zuwa takarda: yadda ake buga hoton Galateya da allon jan ƙarfe

A birnin Rum, a gefen kogin Tiber, akwai wani gida da ake kira Farnesina. Agostino Chigi ne ya gina shi a farkon ƙarni na 16, attajirin da har Fafaroma kan ci bashi a wurinsa. A bangon ɗaya daga cikin ɗakunan gidan, wajajen 1512, shahararren mai zane Rafayel ya zana Galateya, wata 'yar ruwa daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Tana tsaye a kan ƙaton ɓawon katantanwar teku, kifayen dolfin biyu suna jan ta, jan mayafinta yana kaɗawa a iska, can sama kuma yara uku masu fukafukai sun ɗana kibau sun auna ta. Tsayin zanen ya kusa mita 3, faɗinsa mita 2 da kwata.

Bango ba ya tafiya. Mai son ganinsa sai ya taka ya je Rum, kuma sai maigida ya buɗe masa ƙofa. Duk da haka masu zane da ba su taɓa taka Italiya ba sun san Galateya kamar yunwar cikinsu, domin wajajen 1515 Marcantonio Raimondi ya sassaƙa ta a kan allon jan ƙarfe da bai wuce santimita 40 da 29 ba, aka yi ta bugawa a takarda ana sayarwa. A 1592 Hendrick Goltzius na ƙasar Holan ya sake fitar da tasa bayan ya dawo daga Italiya. Wannan sana'a ce za mu bi daki-daki a nan, kuma Galateya ce abin gwajinmu.

Tun farko ka san matsayinka. Kai tafinta ne. Bango yana magana da launi, allon jan ƙarfe kuwa baƙin layi da farar takarda kaɗai ya iya. Duk wahalar aikin tana wurin fassarar nan, kuma ana gama mafi yawanta kafin a taɓa ƙarfe.

Sanin bangon da zaɓen yanki

Irin wannan zanen bango shi ake kira firesko. Ana dama launi da ruwa a shafa shi a kan ɗanyen yaɓe na farar ƙasa, yaɓen na bushewa launin ya zama jikin bango. Kowace safiya iya abin da mai zane zai gama kafin ya bushe ake yaɓawa, Italiyawa suna ce wa wannan yankin giornata, wato aikin yini. Abin da ya shafe ka a nan shi ne, firesko ba ya ƙyalli, kuma ba shi da baƙi ƙirin irin na zanen mai. Haskensa kamar na hantsi ne. Sabon hannu yakan cika layuka har bugunsa ya fito kamar an zana teku da tsakar dare, alhali Rafayel rana ya zana.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Waɗannan hotuna na allolin Girkawa ne, da yawansu kuma ba sutura. Ba kowa ne zai so ya zana su ba, ko ya rataya su a ɗaki. Ko a Rum ɗin akwai iyaka: shi kansa Marcantonio sai da Fafaroma Clement na Bakwai ya sa aka ɗaure shi wajajen 1524 saboda wasu hotunan batsa da ya buga daga zanen Giulio Romano, almajirin Rafayel. Mai son koyon sana'ar ba tare da surar mutum ba yana da zaɓi: igiyoyin ruwan da ɓawon da Galateya ke kai, ko ginshiƙai da duwatsun da ke rugujewa a ɗakin ƙattai na fadar Te a garin Mantuwa na Italiya, wanda Giulio Romano da yaransa suka zana tsakanin 1532 da 1535. Dabarar duk ɗaya ce.

Ko da ma babu wannan, kada ka fara da hoton gaba ɗaya. Yanki yanki. Ɗauki ƙasan zanen, inda dolfin ke keta ruwa, a kan allo mai santimita 15 da 20. Idan hannunka ya faɗa, sai ka raba awon bangon gida goma, ka samu allo mai kimanin 30 da 23, ka shiga cikakken aikin. Nemi hoton da aka ɗauka daidai gaban bangon. Wanda ɗan yawon buɗe ido ya ɗauka daga ƙasa yakan tsuke sama ya buɗa ƙasa, kai kuma ka kwafi karkatar ba ka sani ba.

Taswirar haske da duhu

Buga hoton a takarda, ka ja masa layuka tsaye da kwance su raba shi gida-gida, ka ja irinsu a takardar da ta yi daidai da girman allonka, sannan ka kwashe siffofin gida bayan gida. Wannan tsohuwar dabara ce, da ita su ma masu zanen bango suke faɗaɗa ƙaramin zane.

Yanzu ga inda ake raba gwani da ɗan koyo. Mayar da hoton baƙi da fari a wayarka ka duba. Launuka biyu da ido ke rabawa nesa da juna, kamar ja da shuɗi, sukan koma toka iri ɗaya, sai ka ga mayafi ya narke cikin abin da ke bayansa. Waya ba za ta yanke maka hukunci ba. Kai ne za ka ce wannan ya fi wancan duhu, don siffar ta fito.

Tsarma tawada da ruwa, ka yi taswira mai hawa huɗu kacal: farin takarda, toka mai haske, toka mai kauri, sai duhu. Runtse ido kaɗan kana kallon hoton, ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan inuwoyi su rage. Su za ka shafa. Yi uku ko huɗu, ka jera su a ƙasa, ka koma bakin ƙofa ka hango. Wadda ido ya fara sauka a kan abin da kake so a gani, ita ce taka. Ni nakan ɓata kwana biyu a wannan mataki, ban kuma taɓa yin da-na-sani ba. Hawan duhu ka yi rowarsa: ƙarƙashin cikin dolfin, cikin baki, lungun ɓawo. Wurare kaɗan.

Maganar madubi

Duk abin da ke dama a kan allo hagu zai fito a takarda. Tsofaffin bugu da yawa a juye suke saboda mai sassaƙa bai damu ba. A Galateya juyin yana da illa. Maharban sama za su koma bahagwai, sannan a bangon Farnesina, daga hagun mai kallo, akwai Polifemus, ƙaton nan mai ido ɗaya da ke begenta, wanda Sebastiano del Piombo ya zana. Dolfin suna jan ta dama, suna nisanta ta da shi. Ka juya hoton, wanda ya san ɗakin zai ga ka tura ta wurin wanda ba ta so.

Hanya mafi sauƙi: kwafi zanenka a takarda mai shara-shara da fensir mai laushi, yadda yake a bango, ka kifa fuskar fensirin a kan allo, bayan an yi masa shafin da za mu zo kansa, ka murza bayanta. Kifawar nan ita ce juyin, ba ka bukatar wani. A allona na farko na yi wayo na juya hoton a waya tukuna, sannan na kifa. Juyi biyu ya koma babu. Sai da na ɗaga takarda daga inji bayan aikin mako uku na ga dolfin sun nufi hagu. Jingina madubi a gaban hoton asali lokacin da kake aiki, ka riƙa kallon na cikin madubin.

Gyaran allo

Marcantonio da Goltzius sassaƙa suke yi kai tsaye da wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki da ake turawa da tafin hannu, allon yana kan matashin fata da aka cika da yashi, ana juya shi maimakon a juya hannu. Wannan koyon shekaru ne. Mu za mu bi hanyar da Carlo Cesio ya bi a 1657 lokacin da ya fitar da zanen Annibale Carracci na rufin fadar Farnese, wani gida daban da Farnesina a Rum: a rufe allo da shafi, a zana da allura, ruwan magani ya ci inda allura ta buɗe. Matashin dai yana da amfani, kowane baduku zai ɗinka maka.

Samo jan ƙarfe mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, wanda bai lanƙwashe ba. Goge bakunansa huɗu da magagari su kwanta, ka kashe kaifin kusurwoyin, in ba haka ba zai yanka takarda da bargon inji. Bi fuskarsa da samfefa mai lamba 600 da ruwa, sai 1200, sai 2000, ka ƙarasa da man goge ƙarfe na Brasso har ka ga fuskarka. Duk ƙarcen da ka bari zai riƙe tawada ya fito a bugu.

Daga nan cire maiƙo. Dama garin alli da ruwan khal da ɗan gishiri, ka cuɗa da tsumma mai tsabta, ka ɗauraye. Gwajin shi ne ruwa ya shimfiɗu a fuskar allon bai-ɗaya. Idan ya tattare ya yi ƙwaya-ƙwaya, da sauran maiƙo, sake. Bayan wannan yatsa ba ya sake taɓa fuskar.

Shafin gargajiya haɗin kakin zuma ne da kwalta da busasshen ƙaron itace mai narkewa a wuta. Ba ƙaron da ake sa wa tawadar makarantar allo ba, wannan ruwa yake bi, maganin zai wanke shi. Idan ka samu haɗaɗɗe na kanti ya fi kwanciyar hankali. Ɗumama allon a kan faffaɗan ƙarfe, ka goga dunƙulen shafin ya narke, ka baje shi da rola siriri, launin ruwan shayi. In ya fara hayaƙi ya ƙone, zai riƙa ɓarewa, wanke da kananzir ka faro. Wasu kan kifa allon su bi shi da harshen kyandir don ya yi baƙi, layin allura ya fito ja yana walƙiya. Yana da kyau, amma harshen wutar ne zai lashi shafin, lagwani kada ya taɓa. Rufe bayan allon da faffaɗan salatif.

Lokacin hunturu ka yi wannan aiki a rufaffen ɗaki bayan ka yayyafa ruwa a ƙasa. Ƙwayar ƙura ɗaya da ta zauna a ɗumin shafi ƙofa ce ga magani, sai sararin samaniyarka ya fito da ƙuraje. Da bazara kuma shafin yakan yi laushi, don haka ka ɗora katako a kan littattafai biyu ya zama gada, hannunka ya huta a kai.

Allura

Basilla da aka soka a jikin sanda ta isa, amma ka ɗan dakushe bakinta a kan dutse don ta riƙa zamewa. Ba ƙarfen kake yanka ba, shafin kawai kake buɗewa.

Fara da layin gefe, siriri, kuma ka bar shi a yanke a ɓangaren da haske ke bugu. Sannan inuwa. Tsarin da Marcantonio ya kafa, bayan ya sha kwaikwayon bugun Albrecht Dürer na Jamus, shi ne har yau ake koyarwa: jerin layuka masu bin juna don toka mai haske, a gicciya musu wani jerin don toka mai kauri, a ƙara na uku a wurin duhu, sannan inda inuwa ke mutuwa cikin haske a ƙarasa da gajerun layuka da ɗige-ɗige. Hawa huɗun taswirarka ke nan sun samu harshe.

Layi ya bi jikin abin da yake siffantawa. A bayan dolfin ya lanƙwasa kamar zoben da ya zagaye ganga. A mayafi ya bi tsawon ninkin, yadda iska ta ja shi. A sama ya miƙe a kwance, siriri, da tazara. A ruwa ya yi gajere yana karyewa. Idan ka yi wa komai saƙa iri ɗaya, fata da ruwa da gajimare duk za su zama tabarma. Giciyen kuma kada ya zama na murabba'i sak, ka ɗan karkata shi ramukan su fito kamar ƙwayar sha'ir, ya fi taushi a ido. Goltzius ya kai wannan ƙarshe, layinsa yakan fara siriri ya kumbura a tsakiya ya sake sirancewa. Da allura ba za ka samu haka a ja ɗaya ba, sai dai ka kwaikwaya da bambancin daɗewa a magani.

Bar tazara tsakanin layuka. Magani yana ci ƙasa, yana kuma ci gefe. Layukan da suka matsu da yawa bangon tsakaninsu yakan rushe su zama fili guda, fili kuwa ba ya riƙe tawada, sai wurin da ka so baƙi ya fito toka-toka kamar tabo.

Ruwan magani

Na fi son ferik kuloraid, ruwan nan mai launin tsatsa da masu haɗa allon lantarki ke amfani da shi. Ba ya tayar da hayaƙi mai guba irin na asid ɗin naitirik, kuma yana cin layi tsaf. Duk da haka sa safar hannu da tabarau, ka zuba shi a robar da ba ta abinci ba, kada ya haɗu da kwanon alminiyam. Tabonsa a riga ba ya fita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin allonka ya shiga, yi gwaji da guntun jan ƙarfe: ja layuka iri ɗaya, ka riƙa rufe sashe-sashe bayan minti 5, 10, 20, 40 da 60, ka buga shi. Ƙarfin magani ya bambanta, zafi kuma yana ƙara masa sauri, don haka lissafin watan Janairu ba zai yi maka aiki a Afrilu ba. Guntun nan shi ne agogonka.

Wannan magani yana barin laka a cikin layi, lakar kuma takan tare ci. Saboda haka ake tsayar da allon a tsaye, ko a kifa shi a kan 'yan guntayen roba. Tsoma na farko gajere ne, na sama da gajimare da abin da ke nesa. Fitar, ɗauraye, busar, ka rufe waɗannan wurare da shafi mai ruwa da ɗan buroshi. Bari ya bushe sarai. Mayar don ruwa da jikin halittu, sake rufewa, sannan tsoma na ƙarshe mai tsawo don 'yan wuraren duhu. Nisan da Rafayel ya nuna da dusashewar launi, kai da zurfin layi kake nuna shi. In kana shakka, fitar da wuri. Ƙara ci abu ne mai sauƙi, mayar da ƙarfen da ya tafi kuwa aiki ne ja.

Maganin da ya gaji yana ɗauke da jan ƙarfe, guba ne ga kifi da shuka. Kada ka tuttular a kwata ko kusa da rijiya. Zuba masa bekin soda kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa, ka bar shi ya kwanta, lakar ta bushe a rufaffen mazubi.

Tawada, takarda, inji

Wanke shafin da kananzir, ka bi da khal da gishiri. Tawadar wannan aiki mai kauri ce, ta mai. Tura ta cikin layuka da guntun kwali ta kowace fuska, ka kwashe ragowar. Dunƙula yadi mai shara-shara da aka sa wa sitati, ka riƙa zagaya fuskar allon da shi ba dannawa. Ƙarshe shafa ɗan alli a gefen tafin hannunka ka share da sauri. Ga firesko ina son shara mai tsabta, farin takarda ya yi aikin farin bango. Kada ka manta bakunan allon.

Takarda ta zama ta auduga, mai nauyin giram 250 zuwa 300. Garin Fabriano na Italiya tun ƙarni na 13 yake yin takarda, har yau kuma ana samun tasa. Takardar Italiya ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: ɗaga tsofaffin littattafan malamanmu na ƙarni na 19 a rana, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, daga arewacin Italiya ta fito, ta ratso Sahara. Jiƙa takardarka tun dare, ka jera ta a cikin leda ƙarƙashin nauyi. Da safe ta zama mai sanyi da laushi, ba ƙyallin ruwa. Da hunturu kada ka fito da ita sai allo ya hau inji, minti kaɗan ya isa ta bushe.

Cokali ko murzar hannu ba sa fitar da wannan bugu, domin dole a cusa takarda cikin ramin layi ta ɗebo tawada. Sai injin matsi mai rola biyu, irin wanda ake samu a sassan koyar da zane na manyan makarantu. Allo a ƙasa fuska sama, takarda a kai, barguna biyu ko uku na ulu, ka juya hannun inji a tafi ɗaya ba tsayawa. Kafin ka samu inji, injin taliyar murji na gida zai ba ka damar gwada saƙar layi: ƙarci cikin kwalin lemo mai ruwan azurfa da basilla, sa tawada, ka bi da shi tsakanin rola da 'yar takarda da ƙyalle. Jan ƙarfe dai kada ka saka masa. Ka kuma nemi izinin mai injin tukuna.

Bugun gwaji da gyara

Ɗaga takardar a hankali daga kusurwa ɗaya. Ajiye ta kusa da taswirarka, ba kusa da hoton mai launi ba, don da taswirar kuka yi alkawari. Inda ya yi haske da yawa, sake shafi, ka tabbata ya shiga tsofaffin layuka, ƙara sababbi, mayar magani. Inda ya yi duhu, kankare da makankari mai baki uku, ka murje da magogin ƙarfe da ɗigon mai. Kowane zagaye ka buga ka ajiye da lamba, don ka san daga ina ka taso.

A ƙasan tsofaffin bugu za ka ga kalmomin Latin da ke raba hakki: pinxit ga wanda ya zana bango, invenit ga mai ƙirƙirar tsarin, sculpsit ko fecit ga mai aikin allo, excudit ga wanda ya buga ya sayar. Diana Scultori ta Mantuwa, wadda ta sassaƙa bikin allolin da Giulio Romano ya zana a fadar Te, ta samu izinin Fafaroma Gregory na Sha Uku a 1575 na sa sunanta da sayar da aikinta. Bi wannan ladabi: sunan Rafayel a hagu, naka a dama, kuma a kan allo a juye za ka rubuta, da madubi a gabanka.

Busar da bugun tsakanin kwalaye masu shan ruwa, da nauyi a kai, kana sauya su, na kwanaki. Tawadar takan ɗauki mako ko fiye kafin ta kama sosai. Jan ƙarfe yana da laushi, kowane bi ta inji yana cinye shi kaɗan, kuma siraran layukan sama ne ke fara tafiya, saboda haka bugun farko-farko ka ware su daban. Idan ka tashi, wanke tawadar da ke cikin layuka tas da kananzir kafin ta daskare, shafa wa allon basilin, ka naɗe shi a takarda mai tsabta, ka ajiye inda damina ba za ta same shi ba.